Yadda ake duba yaro mai jifa a besbol kafin ranar diraf

Duk wanda ya taɓa raka dattijo kasuwar dawaki ya san yadda abin yake, kai kana can ƙyallin fata da haniniya sun ɗauke maka hankali, shi kuwa tsoho ya durƙusa yana latsa ƙafa, ya buɗe baki ya duba haƙori, sannan yace a ja dokin ya yi tafiya a gabansa sau uku. To kusan aikin sikawut kenan a besbol ɗin Amurka, wato mutumin da ƙungiya take biya ya zaga makarantu yana farautar 'yan wasa, musamman in wanda aka zo dubawa mai jifa ne, wanda suke kira fica. Haniniyar a nan ita ce lambar gudun ƙwallo da bindigar rada take nunawa. Kowa na ganinta, har mai sayar da gyaɗa a bakin fili. Abin da ake biyanka ka gano shi ne ko hannun nan zai kai shekara biyar yana wannan aikin.

Ga wanda bai saba ba, diraf shi ne zaman da ƙungiyoyi 30 na MLB, babbar gasar besbol ta ƙwararru, suke yi suna zaɓen sabbin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. An fara shi a 1965, yanzu a watan Yuli ake yi, zagaye 20 ne. Waɗanda suke shiga su ne yaran Amurka da Kanada da Puerto Rico, ko wanda ya gama sakandare, ko ɗan jami'a da ya yi shekara uku ko ya cika 21, da 'yan ƙananan kwalejoji na shekara biyu. Yaron da ke Kano ko Damagaram ba ta wannan ƙofar zai shiga ba sai in a Amurka yake karatu, hanyarsa irin ta 'yan Dominika da Venezuela ce da ake sa wa hannu kai tsaye daga shekara 16.

Matakin farko a gida ake yinsa, kafin ka kunna mota. Ka nemi ranar haihuwar yaron, ba wasa nake ba, sabida ɗan ajin ƙarshe mai shekara 17 da mai 19 ba abu ɗaya bane ko da gudun ƙwallonsu ya zo daidai, na farkon yana da sauran girma a gaba, na biyun ƙila ƙannensa kawai yake cin zali. Sai ka binciki nauyin da hannun ya ɗauka. Akwai ƙa'idar Pitch Smart da MLB da hukumar besbol ta Amurka suka fitar, tace ɗan 17 zuwa 18 kar ya wuce jifa 105 a rana, in ya wuce 80 kuma a ba shi hutun kwana huɗu. Amma zaka tarar da yaro yana yi wa makarantarsa jifa, ƙarshen mako yana wata ƙungiyar yawo, da rani yana zagayen baje koli irin na Perfect Game, shekara ta zagayo hannu bai huta ba. Wannan ka rubuta shi da jan biro tun kafin ka ga fuskarsa. Ka kuma san gudun da yake yi bara. Wanda ya yi tsalle daga mil 88 zuwa 96 a awa cikin 'yan watanni abin murna ne kuma abin tsoro ne, tsoka tana saurin ƙarfi amma jijiyar gwiwar hannu ba ta bin ta da wannan saurin.

Na biyu, ka je da wuri. Awa ɗaya da rabi kafin a fara ma bai yi yawa ba. Mutane da yawa sai an kusa jifan farko suke shigowa da kofin shayi a hannu, sun riga sun rasa rabin karatun. Ka ga yadda yake miƙe jiki, shi kaɗai yake bin tsarinsa ko sai koci ya yi ta kiransa. Ka ga jifan nesa da yake yi da abokinsa a ciyawa, a nan hannu yake nuna asalinsa don ba wanda yake ƙoƙarin burgewa, in ƙwallon na fita daga hannunsa salin alin tana tafiya a miƙe har ƙirjin abokin, to alama ce mai kyau. Sannan ka bi shi wurin ɗumama hannu a gefen fili ka tsaya kusa iya yadda aka bari. Ka dubi jiki, faɗin kafaɗa, ƙugu, cinya, tsawon yatsu in ka samu gani. Siririn yaro dogo mai faɗin kafaɗa shi suke so don akwai inda nama zai zauna, in kuma iyayensa na wurin ka saci kallonsu, sau da yawa jikin uba ne zai gaya maka inda ɗan zai tsaya.

Amma kar tsawo ya rufe maka ido. A diraf na 2006 ƙungiyoyi tara suka tsallake Tim Lincecum, wanda bai kai ƙafa shida ba kuma salon jifansa kamar zai karye, San Francisco ta ɗauke shi na goma, ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a 2008 da 2009. Pedro Martinez ma Dodgers musanyarsa suka yi a 1993 ana ganin ƙaramin jiki ne ba zai jure ba, har yau ana yi musu gori.

Na uku wurin zama. Wasan zango zango ake yinsa, a kowanne kowace ƙungiya tana samun damar duka, to zango biyu na farko ka zauna daidai bayan mai cafka, wato wanda yake tsugune yana karɓar jifan, daga nan ne zaka ga yadda ƙwallo take lanƙwasa da inda take faɗawa. Daga nan ka tashi ka koma gefe, in na-dama ne ka koma ɓangaren bes na uku (bes su ne tashoshin da mai gudu yake bi ya zagaye fili), in bahago ne ɓangaren bes na ɗaya, don ƙirjinsa da hannun jifan su fuskance ka. Wasu ko motsi ba sa yi daga bayan raga tun farko har ƙarshe, suna ta hira da junansu ana kwatanta lambobi, ni dai ban ga amfanin ka yi tuƙin awa huɗu ka zo ka kalli abin da na'ura zata turo maka a waya ba.

Yanzu batun rada. Daga tudun jifa zuwa farantin da mai gora, wato mai dukan ƙwallo, yake tsayawa ƙafa 60 ne da inci 6, wajen mita 18 da rabi, kuma matsakaicin fasbol, wato jifan da ya fi gudu, a MLB yanzu yana wajen mil 94 a awa, kusan kilomita 151, mai gora bai da ko rabin daƙiƙa ya yanke shawara. Abin da zaka rubuta kala biyu ne, inda yaron yake zaune da inda yake taɓawa. In ance maka yaro yana jifa 97, tambaya ita ce sau nawa, kuma a wane zango. Wanda ya taɓa 97 sau ɗaya a zango na farko da ya hango bindigogi ashirin sun ɗago, sannan a zango na biyar ya koma 89, wannan ɗan 90 ne mai son nuna kai. Ka raba takardarka zango zango, kowane jifa ka sa lamba, kuma ka ware wanda ya yi babu kowa a bes da wanda ya yi da mai gudu a bayansa, don da yawa in suka gajarta motsi saboda tsoron satar bes sai mil biyu ko uku su zube. Ka riƙe agogon gudu ma, daga ɗaga ƙafa zuwa ƙwallo ta shiga safar mai cafka, in yana wuce daƙiƙa 1.3 sosai to ɓarayin bes zasu maida shi kasuwa.

Gudu kaɗai ba ya gaya maka ko za a iya dukan ƙwallon. Akwai 95 da ake duka kamar an ajiye a faifai, akwai 92 da mai gora zai yi ta sarar iska a ƙarƙashinta. Bambancin yana wurin juyawar ƙwallo da inda aka sake ta. Na'urori irin TrackMan da Rapsodo suna auna wannan, manyan jami'o'i duk suna da su, matsakaicin fasbol na juyawa wajen sau 2,300 a minti, wadda juyinta ya tsaya daidai ba ta saurin faɗuwa, sai mai gora ya ga kamar tashi take. Sai kuma nisan da mai jifa yake miƙowa gaba kafin ya saki, galibi ƙafa shida da 'yan kai, dogaye irin Tyler Glasnow suna kai wa bakwai da rabi, kaga an rage wa mai gora hanya kenan. In babu na'ura a filin, kuma a sakandaren ƙauye sau da yawa babu, to masu gora su ne na'urarka. Suna makara? Suna bugun ƙasan ƙwallo tana tashi baya? Ko kuwa yara ƙanana suna haɗuwa da ita daram duk da rada na cewa 94? In na ƙarshen ne akwai matsala, ko ƙwallon a miƙe take kamar igiya ko yana nuna ta tun da wuri.

A nan zan daɗe, wato yanayin jifan kansa, don nan ne dattijon kasuwar dawaki yake durƙusawa. Abu na farko da nake nema maimaitawa ce. Ba ruwana da ko salon na da kyau a ido, in dai jifa na 10 da na 80 iri ɗaya ne, ƙafa tana sauka a rami ɗaya, hannu na fitowa ta taga ɗaya. Bayan zango ka dubi tudun in zaka iya, sawun ƙafar gaba wuri ɗaya ya tona ko ya warwatsu kamar kaji sun yi tono. Na biyu, daga ina ƙarfin yake fitowa. Ɗan dambe na gaske ba da hannu yake naushi ba, daga ƙafa yake ɗaukowa ya bi ta ƙugu, haka jifa yake, ƙugu ya fara buɗewa kafaɗa tana rufe sannan ta biyo kamar an saki roba. Wanda ƙugu da kafaɗa suke juyawa tare, hannu shi kaɗai yake biyan bashin. Na uku, lokacin da ƙafar gaba ta taɓa ƙasa ina hannun yake, ya kamata ya riga ya ɗago, in har lokacin ƙwallo na ƙasa da kafaɗa to hannu ya makara kuma gwiwa da kafaɗa ne zasu sha wahalar cim ma jiki. Wannan ido ba ya kamawa da kyau, ka ɗauki bidiyo da waya daga gefe ka rage gudunsa. Na huɗu kai, in yana fizgar kai gefe lokacin saki har hula na faɗuwa, da wuya ya iya saka ƙwallo inda yake so. Sai ka duba ƙarshen, hannu ya sauka a hankali ya wuce gwiwar ƙafa ko kuwa yana dawowa da ƙarfi kamar an ja birki.

Ba wai duk mai salo mai tsafta ya tsira ba fa. Mark Prior ana cewa salonsa kamar a littafi, Chicago Cubs suka ɗauke shi na biyu a 2001, rauni ya cinye shi tun bai kai 26 ba. Kana rage haɗari ne kawai, kuma masu harkar da kansu suna da wata ba'a da suke yi cewa wai babu wani abu mai suna matashin mai jifa mai tabbas.

Sauran jife-jifen. Kana son ka ga aƙalla guda ɗaya mai lanƙwasa, ko kob mai faɗowa daga sama ko silaida mai zamewa gefe, kuma abin dubawa shi ne a ina take karyewa, wadda ta fara lanƙwasa tun daga hannu kowa zai gane ta, wadda ta taho kamar fasbol sai a bakin faranti ta gudu ita ce kuɗi. Iya murza ƙwallo kusan baiwa ce, ana gyara ta amma da wuya a dasa wa wanda bai da ita. Sai cenji, wato jifan yaudara da hannu ke tafiya da gudun fasbol amma ƙwallo ta zo da ragin mil takwas zuwa goma. Ɗan sakandare mai 95 ba ya buƙatarsa don ya ci wasa, jefa shi ma taimakon mai gora ne, shi yasa sai a wurin ɗumama hannu zaka gan shi, wani dalilin zuwa da wuri kenan. Ka lura ko yana rage gudun hannu in zai jefa, in yana yi to manya zasu karanta shi kamar allo. Muhimmancin wannan shi ne mai kalar jifa biyu kacal galibi ɗan canji yake zama, mai shigowa zango ɗaya a ƙarshe, mai uku da zai iya bin layin masu gora sau uku shi ne mai buɗe wasa, kuma tazarar kuɗin da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce.

Saiti kuma hawa biyu ne. Akwai wanda yake iya jefawa cikin akwatin da alkali zai karɓa, faɗin farantin inci 17 ne, akwai kuma wanda yake saka ta daidai inda mai cafka ya ajiye safa. Ka daina kallon ƙwallo na ɗan lokaci ka kalli safar kawai, tana motsi ko tana nan. Greg Maddux a zagaye na biyu aka ɗauke shi a 1984, siriri daga Las Vegas, ya gama da nasara 355 ba don gudu ba.

Hali. Wallahi na fi son in ga yaro ranar da abubuwa suka lalace masa. Na taɓa zama a wani filin jami'a da daren Juma'a, wanda shi ne daren da kowace makaranta take fito da gwaninta, yaro yana ta kora mutane har zango na huɗu, sai na bayansa ya saki ƙwallo mai sauƙi, alkali kuma ya hana shi wata da kowa ya ga ta shiga. Ya juya ya harari abokin wasansa a gaban jama'a, jifa huɗu na gaba duk a ƙasa, na biyar aka aika ta bayan katanga. Rada ba ta nuna komai ba, tana nan a 95. Ka tambayi kocin motsa jiki, mai kula da kaya, malamin aji, kocin abokan hamayya, don kocinsa dai ba zai kushe hajarsa ba. Kuma kar ka yanke hukunci da gani ɗaya, ka dawo sau uku ko huɗu, farkon kaka cikin sanyin Fabrairu da kuma Mayu in gajiya ta taru.

Ka auna da wa yake karawa. Lambobin yaro a ƙaramar gasa ba su da nauyi ɗaya da na wanda yake jifa a SEC, gasar jami'o'in kudu maso gabas, ko gasar bazara ta Cape Cod a Massachusetts inda ake amfani da gorar katako irin ta ƙwararru maimakon ta ƙarfe. Abin da yasa ba a yi dogon musu kan Paul Skenes ba kenan a 2023, ya baro makarantar sojan sama ya koma jami'ar LSU, ya kori masu gora 209 a kaka ɗaya, suka ci kofin jami'o'i a Omaha, fasbol na kai wa 100 har ƙarshen wasa. Pittsburgh ta ɗauke shi na ɗaya ta ba shi dala miliyan 9.2, watan Mayun 2024 yana MLB. Irinsa ba ya buƙatar sikawut, kakarka ma zata gane shi. Aikin yana kan sauran.

Sai asibiti, inda ciniki da yawa yake mutuwa. Jijiyar cikin gwiwar hannu ita ce take tsinkewa, aikin gyaranta shi ake kira Tommy John, sunan ɗan wasan da likita Frank Jobe ya fara yi wa a 1974, ana ɗauko jijiya daga wani wuri a jiki a maye gurbinta, jinya shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Gwiwa ana dawowa daga ita sosai, kafaɗa ce abin tsoro. A 2014 Houston ta ɗauki Brady Aiken na ɗaya, bahago ɗan sakandare daga San Diego, an daidaita kan dala miliyan 6.5, hoton MRI ya fito suka ga abin da bai kwanta musu ba a gwiwar, suka rage tayi, ciniki ya watse. Watan Maris na 2015 aka yi masa Tommy John, bai taɓa taka MLB ba. Houston kuwa da gurbin diyyar da aka ba ta ta ɗauki Alex Bregman. Kumar Rocker ma Mets sun ɗauke shi na goma a 2021 suka fasa bayan gwajin lafiya, shekara ta zagayo Texas ta ɗauke shi na uku. Kai ba likita bane, naka shi ne ka kawo labari, wane mako ya tsallake, me aka ce dalili, yaushe gudu ya sauka, yana girgiza hannu ko matsa gwiwa tsakanin jifa. Tun 2021 akwai taron gwaji da MLB take shiryawa kafin diraf, wanda ya yarda aka duba lafiyarsa a can ana ba shi tabbacin kashi 75 na kuɗin gurbin da aka ɗauke shi, don haka wanda ya ƙi zuwa sai ka tambayi dalili.

Kar ka manta da zama da iyaye, don kowane gurbi a zagaye goma na farko yana da farashinsa kuma kowace ƙungiya tana da iyakar abin da zata kashe. Ɗan sakandare yana da mafita, jami'a na jiransa. Yankees sun ɗauki Gerrit Cole na 28 a 2008, yace shi jami'ar UCLA zai tafi, suka tashi a tutar babu, a 2011 ya fito na ɗaya gaba ɗaya. Dole ka san lambar da gidan suke so kafin ogan ka ya kira suna.

Rahoton da kansa da ma'aunin 20 zuwa 80 ake rubuta shi, 50 shi ne matsakaicin ɗan MLB, 60 ya fi, 70 da 80 sai ɗaiɗaiku. Kowane jifa lamba biyu zaka ba shi, na yau da wanda kake hasashe, misali silaida 45 yau 60 gobe, haka saiti, sannan ka faɗi ƙarara me kake ganin zai zama, na uku ne a jerin masu buɗe wasa ko ɗan canji, kuma nawa zaka biya. Kar ka cika takarda da 50 don tsoron kunya, mai bin sawunka da zai zo ya sake duba yaron da daraktan da zai yanke hukunci ra'ayi suke nema. In zaka sa 60 a gobe ka rubuta dalili, jiki ne zai cika, ko riƙon ƙwallo ne za a gyara, ko sabon shiga ne a jifan. Wannan na ƙarshen ka riƙa sa masa ido musamman. Jacob deGrom a tsakiyar fili yake tsaron ƙasa a jami'ar Stetson ta Florida, sai a shekararsa ta uku ya koma tudu sosai, hannu sabo fil bai sha wahala ba. Mets suka ɗauke shi a zagaye na tara a 2010, cikin 'yan watanni aka yi masa Tommy John, ya dawo ya ci Cy Young a 2018 da 2019.